Nazari: Sabon sharaɗin masu ba da kuɗin bincike da abin da zai jawo wa likitocin Kano

Duk wanda ya taɓa leƙa sashen masu cutar sikila a Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, daura da Ƙofar Mata, ya san yadda iyaye mata ke sammako daga unguwannin cikin birni, riƙe da yaran da ciwo ya hana barci. Daga cikin irin waɗannan yara aka zaɓi waɗanda suka shiga wani bincike da a yau likitocin duniya ke kafa hujja da shi. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: bayan an ɗibi jinin yaro, an auna kansa, an rubuta sakamako, wa ke da ikon karanta abin da aka gano?

Tambayar ta ƙara nauyi tun daga ranar 1 ga Yuli, 2025, lokacin da hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta fara aiki da sabuwar ƙa'idarta. Ƙa'idar ta ce duk maƙalar kimiyya da ta fito daga binciken da hukumar ta ɗauki nauyinsa, tilas a buɗe ta ga jama'a kyauta a rumbun intanet na PubMed Central tun daga ranar da aka wallafa ta, ba tare da jinkiri ba.

Binciken da aka yi a ƙofar gida

Tsakanin 2016 da 2018 an shigar da yara 220 masu shekara 5 zuwa 12 cikin wani gwaji da aka sanya wa suna SPRING, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala da kuma Asibitin Barau Dikko na Kaduna. Yaran duk masu sikila ne da na'urar auna gudun jini a ƙwaƙwalwa ta nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Idan ba a ɗauki mataki ba, kusan ɗaya cikin goma na masu cutar kan gamu da wannan larura kafin su kai shekara 20.

A ƙasashe masu arziki, rigakafin da aka saba shi ne ƙarin jini kusan kowane wata, abin da ya fi ƙarfin mafi yawan magidanta a nan. Likitocin Kano, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun gwada maganin hydroxyurea a ma'auni biyu: miligiram 10 da miligiram 20 ga kowane kilo na nauyin yaro. Sakamakon, wanda mujallar Lancet Haematology ta wallafa a farkon 2022, bai nuna wani bambanci na a zo a gani tsakanin ma'aunan biyu ba wajen kare yara daga shanyewar jiki. Ga ƙasar da ake ƙiyasin ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila duk shekara, wannan bayani ne da ya kamata kowane likita a Gaya ko Bichi ko Maraɗi ya same shi ba tare da ɓata lokaci ba.

NIH ce ta ba da kuɗin aikin. A ƙarƙashin tsohuwar ƙa'idarta, wadda ta zama dole tun Afrilun 2008, mujalla na da damar rufe maƙala har tsawon wata 12 kafin a buɗe ta ga kowa. A wannan tsakanin, likitan da asibitinsa ba ya biyan kuɗin rajistar mujallar, sai dai ya sayi maƙala ɗaya da daloli, ko ya roƙi wani abokinsa a waje ya turo masa. Wannan jinkirin ne sabuwar ƙa'idar ta soke.

Ba Amurka kaɗai ba

Sauyin ya daɗe yana tafe. A watan Agustan 2022 ofishin kimiyya na fadar shugaban Amurka ya umarci hukumomin gwamnati su kawar da jinkirin kafin ƙarshen 2025, NIH kuma ta matso da wa'adin da wata shida. A Turai, gungun masu ba da kuɗin bincike sun fito da shirin Plan S a 2018, kuma Gidauniyar Wellcome ta Ingila ta fara aiwatar da irin wannan sharaɗi a Janairun 2021. Gidauniyar Gates, wadda Kanawa suka san ta ta hanyar yaƙi da cutar shan inna, ta ɗauki wani salo tun farkon 2025: tana buƙatar mai bincike ya saki kwafin farko na maƙalarsa ga jama'a, kuma ta daina biyan kuɗin da mujallu ke caza don buɗe maƙala ɗai-ɗai.

Hujjar duka ɗaya ce. Abin da aka samar da kuɗin al'umma, ko da sunan taimakon al'umma, bai kamata a kulle shi a sayar wa al'ummar ba.

A Kano, akwai wata hujja da ta fi wannan zafi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200, inda 11 suka rasu. Sai a ƙarshen 2000 jaridar Washington Post ta fito da labarin fili, kuma sai a 2009 aka cimma sulhu na dala miliyan 75 da gwamnatin jihar. Zargin da wannan lamari ya shuka na daga cikin abubuwan da suka rura wutar ƙauracewa allurar shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A gari mai irin wannan tarihi, bayyana sakamakon bincike a fili biyan bashi ne ga iyayen da suka amince suka miƙa 'ya'yansu.

Inda gizo ke saƙa

Matsalar ita ce mujallu ba sa son asarar kuɗin shiga. Da yawa sun juya lissafi: maimakon mai karatu ya biya, yanzu marubuci ke biya. Mujallar Nature ta sanya Yuro 9,500 kan kowace maƙala da aka buɗe lokacin da ta fara wannan tsari a 2021. Ƙungiyar masana kimiyyar sinadarai ta Amurka, ACS, ta fito da cajin dala 2,500 a 2023 ga marubucin da ke son ajiye kwafinsa a rumbun jama'a nan take.

A mayar da lissafin zuwa Naira. Idan mujalla ta nemi dala 3,000, kuma dala tana kan Naira 1,500, kuɗin ya kama Naira miliyan huɗu da rabi. Ma'aikaci mai karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 sai ya shafe fiye da shekara biyar yana tarawa bai taɓa ko sisi ba. Wasu mujallu na yin rangwame ga marubutan ƙasashe masu tasowa, amma rangwame alfarma ce, ana iya janye ta kowane lokaci.

Haɗarin a bayyane yake: ƙofar karatu za ta buɗe, ta rubutu kuma ta ƙuntata. Malamin Jami'ar Bayero da ke da babban tallafi daga waje zai iya saka kuɗin wallafa cikin kasafin aikinsa. Wanda ke bincike da ɗan abin da ya samu a gida, shi ne zai koma ɗan kallo, ko kuma ya faɗa hannun mujallun bogi masu karɓar kuɗi su buga kome ba tare da tantancewa ba.

Cika sharaɗin ba lallai sai da kuɗi ba

Abin da masu bincike da dama ba su lura da shi ba shi ne NIH ba ta ce sai an biya mujalla ba. Abin da take nema shi ne kwafin ƙarshe da mujalla ta amince da shi bayan masana sun tantance, kuma ajiye shi a rumbun hukumar kyauta ne. Aikin yana ga zaɓen mujalla tun kafin a aika maƙala, da karanta yarjejeniyar haƙƙin mallaka kafin a sa hannu. Marubucin da ya miƙa dukkan haƙƙinsa ga mujallar da ta hana ajiya nan take, ya shiga tsaka mai wuya: ko ya biya, ko ya saɓa wa wanda ya ba shi kuɗi.

Saɓawar kuwa tana da sakamako. Hukumar na iya jinkirta sakin kashi na gaba na tallafi har sai an gyara, kuma tana duba tarihin mai nema idan ya sake neman wani. Tunda irin waɗannan kuɗaɗe kan iso Kano ne ta haɗin gwiwa da jami'o'in waje, sakacin mutum ɗaya na iya shafar albashin ma'aikatan jinya da masu ɗakin gwaji da direbobin da aikin ya ɗauka. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Abin da ya rage wa na gida

Nauyi na farko yana kan jami'o'i da asibitocin koyarwa. Bai kamata a bar likita shi kaɗai da yarjejeniyar lauyoyin kamfanin ɗab'i ba. Ɗakunan karatu na buƙatar ma'aikatan da suka san waɗannan ƙa'idoji, da rumbun intanet mai aiki inda za a ajiye kwafin kowace maƙala.

Na biyu yana kan Asusun TETFund, wanda kuɗinsa ke fitowa daga harajin da kamfanoni ke biya, harajin da a ƙarshe mai saye a Kantin Kwari da Singa ke ɗauka a farashin kaya. Ya dace asusun ya tsaya kai da fata wajen ganin duk binciken da ya ɗauki nauyi ya fito fili, ya kuma ƙarfafa mujallun gida. Akwai harsashin da za a ɗora a kai: dandalin AJOL, wanda aka fara a 1998, yana ɗauke da mujallun Afirka masu yawa, ciki har da mujallar kimiyya ta Jami'ar Bayero.

Na uku shi ne harshe. Maƙalar da aka buɗe a intanet cikin Turancin likitoci, a rufe take ga uwar da ke Yakasai ko Mandawari. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, har da gwajin ƙwayar halittar jini, wanda ke nuna hukuma ta yarda jama'a na buƙatar sanin gaskiyar sikila. Saura a sanya wa kowane bincike da aka yi a asibitocin jihar sharaɗin fitar da taƙaitaccen bayani da Hausa, a liƙa shi a asibitin da aka yi aikin, a kuma karanta shi a rediyo.

Masu ba da kuɗi daga waje sun gindaya sharaɗinsu ne don kare haƙƙin masu biyan harajinsu. Haƙƙin iyayen da ke layi a Asibitin Murtala kuwa, hukumomin Kano da na Abuja ne za su rubuta shi.