Ambaliya: Mu Nemi Haƙƙinmu Tun Kafin Ruwa Ya Zo

Duk shekara da zarar damina ta kankama, hankalin jama'armu mazauna kudu yakan tashi, domin wasu daga cikin unguwanninmu da kasuwanninmu suna kwari ne ko bakin kogi. Ba mu manta da ambaliyar Ogunpa da ta auka wa Ibadan a 1980 ba, ko wadda ta sake aukuwa a garin a watan Agustan 2011. A 2012, bayan sakin ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, kogin Binuwai da na Neja suka cika suka batse, har hanyar Lokoja zuwa Abuja ta yanke, kuma hukumar NEMA ta ce mutum 363 suka rasu. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600.

Abin takaici shi ne, bayan ruwa ya janye, ɗan kasuwar da ya yi asarar buhunan wake ko albasa sai ya zauna jiran tallafin gwamnati, wanda sau da yawa bai wuce tabarma da ɗan kwanon shinkafa ba. Alhali kuwa doka ta tanadi wani abu da yawancinmu ba mu sani ba.

Dokar Inshora ta 2003 ta wajabta wa mai ginin da jama'a ke amfani da shi, ciki har da gidan haya, ya yi masa inshorar rushewa, gobara, guguwa da ambaliya, domin a biya waɗanda suka ji rauni ko suka yi asara a cikinsa. Sabuwar dokar da ta maye gurbinta a 2025 ita ma ta riƙe wannan tilas ga gine-ginen jama'a. Saboda haka ɗan haya yana da damar ya tambayi mai gida ko ya yi inshora, wanda kuma Allah ya hore wa gida yana ba da haya ya sani nauyin nan yana wuyansa.

Sai dai a lura, kada ɗan kasuwa ya dogara da inshorar mai gida wajen kare hajarsa, ya yi wa kayansa tasa ta daban. Haka kuma inshorar gobara kaɗai ba ta biyan ɓarnar ruwa, sai an rubuta ambaliya ƙarara a cikin takardar. A nemi wanda ya iya karatu ya duba kafin a sa hannu, a biya kuɗin a karɓi rasit, domin kamfani ba ya ɗaukar nauyin wanda bai biya ba.

Mun san da yawa daga cikinmu suna gudun inshora saboda tsoron riba. To, tun 2013 hukumar NAICOM mai kula da inshora ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato tsarin taimakon juna bisa shari'ar Musulunci, kuma akwai kamfanonin da ke yin sa. Wanda kamfani ya ƙi biyansa haƙƙinsa yana iya kai ƙara gaban wannan hukuma.

Don haka muna kira ga sarakunan Hausawa, limamai da shugabannin kasuwa su wayar da kan jama'a tun kafin damina, su kuma riƙa bibiyar hasashen ambaliya da hukumar NIHSA ke fitarwa kowace shekara. Mai niyyar sayen fili ko gida ya tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ya tsaya a 2012 da 2022 kafin ya ba da kuɗinsa. Allah ya kiyaye mu da dukiyoyinmu, amin.