Barin giya kwatsam: Kwanaki ukun da ke iya halaka ɗan ci-ranin da ya dawo gida

Duk shekara idan damina ta ƙarato, tsakanin watan Mayu da Yuni, tashoshin mota na Madawa da Buza da Keita a jahar Tawa kan cika da 'yan ci-rani masu dawowa noma. Wasu daga Abijan, wasu daga Legas ko Kwatano, wasu daga Libiya da Aljeriya. A gida ana lissafin abin da suka zo da shi: kuɗin iri da taki, wayar salula, turamen zanen uwa da na mata. Amma akwai abin da wasu kan shigo da shi ba a sani ba, wato jikin da ya saba da giya kullum rana ta Allah, aka kuma yanke masa ita lokaci guda saboda an doso gida.

Ba kuɗin goro ake yi wa 'yan ci-rani ba. Nijar na cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin shan barasa a duniya, kuma akasarin samarin Adar da ke fita neman kuɗi ba su taɓa kai ta bakinsu ba. Sai dai wannan ƙarancin shi ne ya sa ƙalilan ɗin da suka faɗa ciki suke cikin haɗari mai yawa. Iyaye ba su san alamomin ba, abokai na tsoron faɗa, ma'aikacin lafiya kuma ba ya kawo giya a ransa idan aka shigo masa da saurayi yana karkarwa.

Likitoci sun daɗe da sanin abin da ke faruwa a jikin irin wannan mutum. Barasa tana danne aikin ƙwaƙwalwa, tana ƙara ƙarfin sinadarin da ke kwantar da jijiyoyi, wanda ake kira GABA, tana kuma rage ƙarfin wanda ke zaburar da su. Idan aka ɗauki watanni ko shekaru ana sha kullum, ƙwaƙwalwa kan gyara zamanta, ta ƙara zaburarwa domin ta daidaita nauyin da aka ɗora mata. Kamar direban da ya saba taka totur da ƙarfi ne saboda birkinsa a riƙe yake. Ranar da aka saki birkin ba shiri, mota sai ta kwasa a guje. Jikin ma haka yake yi: hannu na rawa, zufa na karyowa, zuciya na dukan uku-uku, barci ya ƙaurace, gaba na ta faɗuwa ba dalili.

Lokacin da alamomin ke bayyana shi ne abin lura. Sukan fara ne tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe. Jijjiga irin ta farfaɗiya, ga wanda za ta kama, takan zo cikin kwana biyun farko. Mafi muni, wanda likitoci ke kira delirium tremens, yakan taso a kwana na biyu zuwa na huɗu: mutum ya rikice, bai san inda yake ba, yana ganin ƙwari ko macizai ko mutanen da babu su, jiki ya yi zafi, hawan jini ya tashi. Ba kowa ke kaiwa nan ba, kaɗan ne daga cikin masu bari, amma idan aka kai ba tare da magani ba, yana kisa. A asibiti kuwa, akasari ana tsira.

Yanzu a ɗora wannan lissafi a kan tafiyar ɗan ci-rani. Wanda ya yi shan ban-kwana da daddare a Abijan ya shiga mota da safe, zai kwashe kwanaki a hanya, cikin zafi, ba isasshen ruwa, ba abincin kirki. Wato lokacin da ya fi haɗari zai riske shi ne a cikin mota, ko a daren farko da ya kwana a ɗakin mahaifiyarsa a wani ƙauye na kwarin Majiya, inda cibiyar lafiya mafi kusa sai an hau kabu-kabu ko amalanke. Irin haka kan faru a farkon azumin Ramadan, lokacin da masu sha a ɓoye a cikin garuruwa kan ajiye kwalba dare ɗaya, ga kuma ƙishirwa a yankin da zafin bazara kan haura digiri 40.

Batun zuciya shi ya fi razana masu bari, kuma suna da hujja. A shekarar 1978 wani likita a Amurka, Philip Ettinger, tare da abokan aikinsa suka bayyana yadda ake kawo mutanen da ba a san su da ciwon zuciya ba asibiti bayan sun kwankwaɗi barasa a ƙarshen mako ko lokacin bukukuwa, bugun zuciyarsu ya birkice. Suka raɗa wa abin suna ciwon zuciyar ranakun hutu. Mafi yawa, ɗakunan sama na zuciya ne ke daina bugawa bisa tsari su koma kaɗawa barkatai. Wannan yanayi, idan ya zauna, yana ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar, saboda jini kan daskare a cikin zuciya, gudan ya tafi ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. A kwanakin farko na bari abin kan ƙaru, domin ga jijiyoyi a zabure, ga kuma ƙarancin gishirin jiki irin su fotasiyam da magniziyam, waɗanda mashayi kan rasa ta hanyar fitsari da amai da rashin cin abinci.

Sai dai kada wannan ya zama hujjar komawa ruwa. Wani bincike da aka yi a Ostireliya, aka wallafa a mujallar New England Journal of Medicine a 2020, ya bi mutum 140 masu wannan ciwo na birkicewar bugun zuciya waɗanda kuma suke sha. A cikin wata shida, ciwon ya dawo wa kashi 53 cikin ɗari na waɗanda aka sa su daina, yayin da ya dawo wa kashi 73 na waɗanda suka ci gaba. Barin giya yana gyara zuciya. Mashigar ce kawai take da santsi.

Bayan an wuce makon farko, abin da kan rage shi ne fargaba. Tana iya ɗaukar makonni, wani ma watanni. Mutum na zaune lafiya sai ya ji zuciyarsa ta tsallake bugu ɗaya, tsoro ya kama shi, tsoron ya ƙara mata gudu, gudun ya ƙara tsoron. A nan zaman fada kan yi ɓarna ba da niyya ba. Wanda ba ya iya barci sai ya raba dare a wurin abokai, ana zuba masa shayi mai ɗaci na farko da na biyu da na uku, ga Nescafé, ga goro, ga sigari, wani ma har da lemun ƙara kuzari na gwangwani. Duk waɗannan zuciya suke ƙara wa gudu. Bugun zuciyar baligi idan yana hutawa yakan kasance tsakanin 60 zuwa 100 a minti ɗaya, kuma kowa na iya ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ya ƙirga da agogon waya. Idan ya zarce haka ya ƙi sauka, ko kuma bugun ba ya bin tsari, magana ta wuce ta rage shayi. Tana iya yiwuwa ma ba giyar ba ce kaɗai, domin ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo da zazzaɓi duk suna kawo irin wannan.

Abin da ya fi cin rai shi ne yadda ake fassara lamarin a gida. Saurayi ya dawo daga bariki, kwana biyu yana sambatu yana nuna abin da ba kowa ke gani ba. Nan take za a ce iska ce, ko an yi masa sammu saboda ya samo kuɗi. A kira mai ruƙiyya, a yi hayaƙi, a kulle shi a ɗaki, wani lokaci har da ɗauri. Babu mai hana addu'a. Amma awannin da ake kashewa ana jiran aljani ya yi magana su ne awannin da ruwan jikinsa ke ƙarewa. Idan kuma an kai shi cibiyar lafiya aka ɓoye gaskiya, majo zai ga zafin jiki da rikicewa da jijjiga, ya tafi kan zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, wanda a yankin nan ba laifi ba ne a fara zargin sa. Kalma ɗaya daga bakin ɗan'uwa ko abokin tafiya ita ce za ta canza maganin da za a ba shi.

Wasu kuma kan yi wa kansu magani daga tiren masu tallar ƙwayoyi. An gudu ba a tsira ba. Tramol, wanda ya riga ya zama annoba a tsakanin matasan Sahel, yana ƙara sauƙaƙa kamuwa da jijjiga, don haka shan sa a kwanakin barin giya ƙara wa wuta fetur ne. Diyazefam kuwa shi ne ainihin maganin da ake amfani da shi a asibiti, amma da awo, ana duba numfashi da bugun zuciya, ana rage shi a hankali cikin 'yan kwanaki. Wanda ya saya a kasuwa ya haɗa da giya yana iya yin barcin da ba farkawa, wanda ya zarce da shi kuma ya canza ubangida ne kawai.

Akwai tambayar da ba za a kauce mata ba a al'ummar da kusan kowa Musulmi ne. Hukumomin lafiya na ƙasashe irin su Ingila suna gargaɗin wanda jikinsa ya dogara da barasa kada ya yanke ta lokaci guda shi kaɗai. Malami kuma zai ce tuba ba ta jiran gobe. Wannan kafa ba ta ga karo tsakanin maganganun biyu ba. Mutum ya tuba yau, ya kuma je asibiti yau ɗin, domin magani ya riƙe jijiyoyin a madadin abin da ya bari. Abin da ya rage shi ne masu wa'azi a masallatan Juma'a da gidajen rediyon al'umma su ƙara wannan jimla ɗaya idan suna kira a bar shaye-shaye, musamman a jajibirin azumi. Wanda ya ji ta daga bakin limaminsa zai fi samun ƙarfin halin faɗa wa mahaifinsa.

Ɓangaren hukuma ma ba abin da ya fi ƙarfinta ake nema ba. Diyazefam da bitamin B1, wanda ake bai wa mashayi domin kare ƙwaƙwalwarsa daga lalacewar da ba ta gyaruwa, duk suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma masu araha ne. Hukumar ta fitar da jagora tun 2010, ƙarƙashin shirinta na mhGAP, wanda ke koya wa ma'aikatan jinya da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba yadda za su gane matsalar barasa su kuma kula da mai ita. Ya kamata hukumar lafiya ta jahar Tawa ta tabbatar kowane majo a cibiyoyin CSI na Madawa da Buza da Keita ya san wannan, ya kuma saba yin tambayar a keɓe, ba a gaban uba da kawu da maƙwabta ba, domin babu saurayin da zai amsa a irin wannan taro. Ya kamata kuma asibitocin gundumomin uku su kasance da na'urar ECG mai aiki da wanda ya iya karanta ta, ta yadda ba sai an kwashi mara lafiya zuwa babban asibitin Tawa ko asibitin Galmi ba kafin a san ko bugun zuciyarsa na fargaba ne ko na ciwo. Tsarin kiwon lafiya kyauta da Nijar ta fara a 2006 ya shafi yara 'yan ƙasa da shekara biyar da mata masu ciki ne. Namiji mai shekara 25 daga aljihunsa zai biya, kuma kowace tafiya da aka ƙara masa dalili ne na fasawa.

Waɗanda ke can ƙetare su ne suka fi kowa sanin wanda ke sha, domin ɗaki ɗaya ake kwana. Ƙungiyoyin 'yan gari da ke tara kuɗi a Abijan ko Legas idan wani ya rasu ko ya shiga hannun 'yan sanda za su iya raka ɗan'uwansu asibiti ya bar giyar a can, mako biyu ko uku kafin ya sayi tikitin mota. Wanda ya taɓa yin jijjiga ko gane-gane a wani yunƙurin bari da ya gabata shi ya fi buƙatar hakan, saboda kowane sabon yunƙuri kan fi na baya tsanani. Idan kuma ya riga ya kama hanya, a buga waya gida, a gaya wa mutum ɗaya mai riƙe sirri cewa in an ga jijjiga, ko rikicewa, ko ciwon ƙirji, ko suma, ko numfashi na sarƙewa a kwanaki huɗun farko, a nemi abin hawa zuwa asibiti a daren, a kuma faɗa wa ma'aikacin jinya ranar da ya yi shan ƙarshe.