Ɓeran Marseille da yaron Tunuga

A Tunuga, da damina ta kankama ruwa ya kwanta a fadamun shinkafa na bakin Kwara, iyaye sun san abin da ke tafe: zazzaɓin cizon sauro. Yaro ya kwana da masassara, washegari ya soma jijjiga, ya suma, a goya shi a babur a nufi Gaya. Wasu su farfaɗo, wasu su cika. Likitoci sun daɗe suna gardama kan abin da ke kashe yaran nan a cikin ka, kuma wani ɓangare na amsar an gan shi a jikin ɓera.

Ƙwaƙwalwar ɓera ba ta kai rabin giram ba, na'urar MRI ta asibiti kuwa dishi-dishi take ganinta. Dabarar masana ita ce ɗan zoben waya da ake ɗora wa dabbar a ka, irin wanda Joseph Ackerman da abokan aikinsa suka gwada a Oxford a 1980. Da yake zoben yana manne da fata, tsaf yake kama siginar da ke kusa, ya bar hayaniyar sauran jiki. Aibinsa shi ne ba ya kai wa zurfi, amma kan ɓera nawa yake?

A 2005, masu bincike a Marseille ta Faransa suka ɗauki hoton MRI na ɓerayen da aka sa wa ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta Plasmodium berghei, suka ga ƙwaƙwalwa tana kumbura har ta danne jijiyoyin jini. Masu suka suka ce ɓera ba yaro ba ne, kuma da gaskiyarsu, don ciwon ba ya bin hanya ɗaya a jikinsu. Sai a 2015 aka fitar da sakamakon binciken MRI na yara 168 masu wannan ciwo a Blantyre ta Malawi: kashi 84 cikin ɗari na waɗanda suka rasu suna da mummunan kumburin ƙwaƙwalwa.

Nijar ba ta da dalilin sayen na'urar MRI ta ɗaukar hoton ɓera yanzu, ga tsada, ga iskar hiliyom, ga wuta mai ɗaukewa. Rigakafin zazzaɓin cizon sauro da aka ƙaddamar a Gaya a Satumban 2024 da allurar artesunate sun fi gaggawa. Amma kujera a ɗakunan bincike irin na Marseille da Blantyre ba ta fi ƙarfin ƙasa ba. Ya kamata cibiyar binciken lafiya ta CERMES da Jami'ar Abdou Moumouni su riƙa tura matasansu can, da tambayoyin da suka kwaso daga gadajen asibitin Gaya.