Ƙafa muna da ita, keke muna da shi, ruwa ne ya gagari 'yan zango

Ka je kowace majalisar samari a Nima ko Mamobi ko Aboabo ta Kumasi, inda ake dafa ataya ana gardamar ƙwallo, ka jefa musu tambaya ɗaya: wa zai faɗa ruwan da ya sha kansa, ya yi iyo mita 50 bai kama komai ba? Na sha yin wannan tambaya. Amsar dariya ce, sai wani ya ce ai shi ba kifi ba ne. Samari ne fa majiya ƙarfi, masu buga ƙwallo da rana tsaka ba su nemi inuwa ba. Unguwar da ta fitar da Mohammed Kudus ba wanda zai koya mata motsa jiki. Amma ruwa ya gagare mu, mun kuma mai da abin raha, alhali da wuya damina ta wuce ba a ji labarin yaron da ruwa ya ci ba.

Shi ya sa nake so mu yi maganar wani wasa da yawancinmu ke ɗauka na Turawa ne da masu kuɗi, wato tirayatlon. Tsere uku ne a jere ba hutu: ka yi iyo, ka fito ka hau keke, ka sauka ka yi gudu, agogo yana tafiya tun daga faɗawarka ruwa har ka tsallaka layin ƙarshe. Hatta lokacin da ka ɓata wajen sa takalmi da ɗaura hular kwano ana lissafa maka shi. A birnin San Diego na Amurka aka fara shi a siffarsa ta yanzu a 1974. A 1978 aka yi na farkon wanda ake kira Ironman a Hawaii, mutum 15 suka tashi, 12 suka kai ƙarshe. Ya shiga wasannin Olamfik a Sidni a 2000, da tazarar iyo kilomita 1.5, keke kilomita 40, gudu kilomita 10. Ironman ɗin shi ne mai ban tsoro, iyo kilomita 3.8, keke 180, sannan gudu 42.2, kuma shi ne ake yawan nunawa a bidiyo, har mutane suka zaci shi ne wasan duka. Akwai gajere, rabin na Olamfik: iyo mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Mai sana'a da ke atisaye sau uku ko huɗu a mako zai iya gama shi cikin awa biyu ko ƙasa da haka. Mafi yawan masu yin wasan nan a duniya irinmu ne, ma'aikata da 'yan kasuwa, ana raba su rukuni-rukuni gwargwadon shekaru, ɗan shekara 45 yana gogayya da tsararsa.

Shekara uku ke nan ina wannan atisaye, na shiga gajeren sau biyu, duka a ƙananan tseren da masu sha'awa suka shirya, inda aka yi iyon a tafkin otal. Abin da na gani shi ne kashi biyu cikin ukun wasan nan tuni suna hannunmu. Gudu ba sai an faɗa ba. Keke kuwa, wanda ya taɓa zama Tamale ya san yara da tsofaffi, maza da mata, a kansa suke yini. Mu na Accra muna da hawan Aburi: ka fito bayan sallar asuba ranar Asabar, daga Ayi Mensah ka kama dutsen nan zuwa Peduase, za ka tarar da jama'a birjik, masu tafiya da masu gudu da masu keke. Wanda ya hau nan sau biyu bai sauka ya tura ba, kilomita 20 a shimfiɗaɗɗen titi ba za ta ba shi wahala ba. Abin da ke buƙatar sabo shi ne sauka daga keke ka kama gudu nan take. Ƙafafu sai su zama kamar an ɗaura musu buhun siminti, kana gudu kana ji kamar na wani ka aro. Maganinsa maimaici: duk ranar da ka yi keke, kana sauka ka yi gudun minti goma. Cikin 'yan makonni jiki zai gane.

Iyo kuwa wata duniya ce. Na koye shi ina da shekara talatin da 'yan kai, kuma ƙarfin huhun da nake taƙama da shi a fili bai tsinana mini komai ba a ruwa. A ƙasa kana shan iska duk lokacin da ka ga dama. A ruwa sai ka fitar da numfashi fuskarka na ciki, ka juyar da kai gefe ka shaƙa cikin ƙiftawar ido, ka koma. Babba da bai saba ba yakan riƙe numfashi saboda tsoro, ƙirji ya cika, ya ɗaga kai sama don neman iska, ɗaga kan nan ya sa ƙafafu su nitse, ya shiga dambe da ruwa, kafin mita 25 ya gaji tilis. Ƙarfi ba ya raba wannan gardama, ɗan ƙwallo mai murɗaɗɗen jiki ma ya fi saurin nitsewa. Malamin da ya koya mini ya shafe mako biyu bai bar ni na yi bugu ko ɗaya ba, sai kwanciya a bayan ruwa da hura kumfa kamar ƙaramin yaro, 'yan shekara bakwai suna wuce ni suna kallo. Wata biyar na yi kafin na haɗa mita 750 ban tsaya ba. Yaran nan kuwa abin da ya ci mini watanni cikin hutun makaranta ɗaya suka ɗauke shi.

Wannan shi ne dalilina na cewa wasan ya shafe mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 300,000 ruwa ke ci a shekara, yara da matasa ne kaso mai yawa, kuma idan aka auna da yawan jama'a nahiyarmu ce kan gaba. Har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli domin faɗakarwa a kai. Ba na cewa iya iyo zai ceci mutum daga ambaliya irin ta 3 ga Yuni 2015 a Accra, ko ruwan da ya mamaye Mepe lokacin da aka buɗe madatsar Akosombo a 2023. Ruwa mai gudu da shara da ƙarafa a cikinsa gwani ma gudunsa yake yi. Amma yaron da ya zame a bakin rafi, da samarin da ke tururuwa bakin teku washegarin Sallah, da matar da kwalekwale ya kife da ita a tafkin Volta ba nisa da gaɓa, su abin da ke tsakaninsu da mutuwa sau da yawa iya kwanciya a bayan ruwa ne na minti biyar ba tare da firgita ba. To ka ce wa saurayin zango ya zo ajin koyon tsira daga nitsewa, ba zai zo ba. Ka ce masa akwai tsere, akwai lamba a ƙirji, abokinsa ya riga shi da minti uku, wallahi da kansa zai nemi malamin iyo. Gasa tana cikin jininmu, sai mu yi amfani da ita.

Na san abin da za a ce: kuɗi. Akwai gaskiya a ciki. Kekunan da ake gani a bidiyo wasu sun fi babur tsada, kuɗin shiga manyan tseren ƙasashen waje kuma ba na talaka ba ne. Amma gajeren tsere ba ya tambayar sunan kekenka. Nawa na gwanjo ne, na sa masa sababbin tayoyi da birki, shi ke nan. Abin da ba a sassauci a kai hular kwano ce, ba za a bar ka ka hau ba sai da ita, kuma duk wanda ya taɓa raba titi da direban tirotiro da sassafe ba zai yi musu ba. Akwai ma tsarin da mutum uku ke haɗuwa, ɗaya ya yi iyo, ɗaya keke, ɗaya gudu, keke guda ya ishi ƙungiya.

Tsadar gaske tana wajen ruwa. A ina ɗan zango zai koya? Tekun Accra yana da igiya mai jan mutum ciki, ba wurin ɗan koyo ba ne. Odaw da Korle ba wanda zai sa ɗansa a ciki. Ruwan Volta da tafkunan ƙauye da yawa akwai tsargiya. Abin da ya rage tafkunan otal ne, su kuwa ga kuɗin ƙofa, ga kiɗa, ga barasa a gefe, ga maza da mata a cakuɗe cikin shigar da uba musulmi ba zai kai 'yarsa ba. Ban ga laifin uban da ya ƙi ba. Inda nake da magana shi ne mun tsaya a ƙin, kamar hanyar ta ƙare a nan.

Tafkin otal da ƙarfe shida na safe ranar Talata ba kowa a cikinsa. Ba kiɗa, mashaya a rufe, mai otal ba ya samun ko sidi ɗaya daga gare shi a wannan lokaci. Mutum ɗaya ba zai iya hayarsa ba, amma kwamitin masallaci ko ƙungiyar matasa da ke tara kuɗin rigunan ƙwallo da hayar kanofi za ta iya zama da manaja ta sayi awa biyu, rana ɗaya ta maza, rana ɗaya ta mata, da malama mace da mai tsaro mace, a sa labule inda ake buƙata. Mu shida muka yi hakan a unguwarmu na tsawon wata uku, kuɗin da ya faɗo kan kowa bai kai abin da muke kashewa a katin intanet ba. An gina filayen ƙwallo masu ciyawar roba a zanguna da dama cikin 'yan shekarun nan, madalla da su, ina kuma fata masu faɗa a ji su tuna cewa ƙaramin tafki mai zurfin ƙugu, wanda makarantu biyar za su riƙa karɓa-karɓa, shi ma aikin raya unguwa ne. Ga kuma babban wurin iyon da aka gina a Borteyman domin Wasannin Afirka na watan Maris 2024. Da kuɗin ƙasa aka yi shi, namu na ciki, ya kamata sarakunan zango su nemi a ware wa yaran makarantunmu lokaci.

Batun addini kuwa, a ganina yana gefenmu. Malamanmu kan kawo maganar da ake dangantawa da Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, kan koya wa yara iyo da harbi da hawan doki, kuma sananne ne cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha. Muna jin wannan a wa'azi, mu gyaɗa kai, mu tashi. Sutura ita ce abin dubawa, kuma tana da mafita. Namiji ya sa wandon da ya rufe gwiwa da riga, ba wanda zai hana shi. Mata ma an riga an share musu hanya: Shirin Gerami, 'yar Iran, ta yi tsere a gasar duniya a Landan a 2013 jikinta a rufe har kai, ta kuma gama Ironman na Hawaii a 2016 cikin irin wannan shiga. Ko da iyali ba su yarda 'yarsu ta yi tsere a titi ba, wannan shawararsu ce, amma koyon iyo a rufaffen wuri tsakanin mata 'yan uwanta ban ga hujjar hana shi ba. Uwa ce ke tare da yaro a bakin ruwa fiye da kowa.

Da azumi ni dai ajiye iyo nake yi gaba ɗaya, don ɗan koyo ba ya rasa haɗiyar ruwa, hukuncin kuma na bar wa malamai. Keke a hankali rabin awa kafin shan ruwa, gudu kaɗan bayan asham. Ƙarfi yana raguwa, mako biyu bayan Sallah ya dawo.

Sai gargaɗi ga tsararrakina. Wani bincike da likitoci suka yi a Amurka kan tseren da aka yi tsakanin 1985 da 2016 ya tattara mutum 135 da suka mutu ko zuciyarsu ta tsaya, kuma 90 daga ciki a ɓangaren iyo abin ya same su, akasarinsu maza ne da suka fara manyanta, da dama suna da ciwon zuciyar da ba su san da shi ba. Hawan jini kuwa ya yi mana katutu a zango, mutum yana yawo da shi bai taɓa aunawa ba. Wanda ya haura arba'in ya je asibiti a duba shi kafin ya fara, kada kuma kowa ya shiga ruwa shi kaɗai, ko da ya ƙware. Mai shirya tseren da bai tanadi masu ceto a bakin ruwa ba, a bar masa tserensa.

Idan wata ƙungiya za ta gwada, shawarata a fara da yara 'yan shekara bakwai zuwa goma sha biyu a dogon hutun makaranta, yaro takwas ga malami ɗaya, a ruwan da kowannensu zai iya tsayawa. A ƙarshen hutun a yi musu ɗan ƙaramin tsere, iyo mita 50, keke kilomita 2 a cikin filin makaranta inda mota ba ta shiga, gudu mita 500, a gayyaci liman da iyaye su zo su gani.