Hannu Kafin Ƙafa

In muka je dubiyar wanda ya ji rauni a laka, tambayarmu ɗaya ce: "Yaushe zai taka?" Ba ma tambayar ko yana iya riƙe kofi, ko yin tsarki da kansa. Alhali wanda raunin ya sama a wuya, hannun ne ya fi damunsa.

A Disambar 2024 hukumar FDA ta Amurka ta amince da na'urar ARC-EX. Babu tiyata. A bayan wuya ake manna wayoyinta, tana aika lantarki kaɗan zuwa laka yayin da majinyaci ke atisayen hannu. A gwajin mutum 60, kashi 72 cikin ɗari sun samu ƙarin ƙarfi da amfanin hannu, har da wanda ya shekara 34 da raunin.

Amma fa dukansu raunin bai katse lakar gaba ɗaya ba, kuma sai da suka yi wata biyu suna atisaye zalla kafin a haɗa da na'urar. Don haka kada mai tallan injin tausa ya ce mana abu ɗaya ne. Kuɗin nan gara mu biya wa ɗan'uwanmu gashin ƙashi, mu kuma daure kai shi.