RA'AYINMU: Yaron Da Ba Shi Da Zance Sai Abu Ɗaya

'Yan'uwa, akwai irin yaron da muke gani a ikkilisiyoyinmu wanda ba shi da zance sai abu ɗaya. Wani lambobin motoci, wani na'urar sauti, wani kuwa lambobin littafin waƙoƙi, ya haddace su tsaf. In an katse shi, sai kuka da tashin hankali. Sau da yawa mukan ce taurin kai ne, wasu ma su ce aljanu ne, a kai shi addu'ar kora. Amma wannan maƙalewa ga abu guda na cikin alamun da likitoci ke dubawa wajen gane lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga. Lalura ce ta yadda ƙwaƙwalwa ke girma, ba laifin iyaye ba ce.

A 1943 wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya rubuta labarin yara 11 masu wannan hali. Na farko shi ne Donald Triplett, ɗan garin Forest a jihar Mississippi. Tun yana ɗan shekara biyu ya haddace Zabura ta 23, amma hira da mutane tana masa wuya. Hankalinsa yana kan lambobi da awo. Da aka kai shi zama wurin wasu manoma, ba su hana shi ba. Suka sa shi haƙa rijiya yana faɗin zurfinta, ya riƙa ƙirga kunyoyin masara yana noma su. Daga baya ya gama kwaleji, ya yi shekaru da yawa yana aiki a banki, ya rasu a 2023 yana da shekara 89, mutanen garinsu suna ji da shi.

Ba kowane yaro ne zai zama kamar Donald ba, kada mu ruɗi iyaye. Amma abin nan da yaron ke so shi ne ke kwantar masa da hankali in hayaniya ta yi masa yawa, kuma ta nan ne yake iya kusantar mutane. Wanda ya ƙwace masa shi da bulala ya rufe ƙofar shiga wurinsa.

Saboda haka muna roƙon dattawa da malaman makarantar Lahadi: ku tambayi iyaye abin da yaron ke so. Mai son lambobi ya rubuta lambobin waƙoƙi a allo, mai son na'ura ya zauna kusa da mai kula da lasifika. A sa masa lokaci, a gaya masa tun kafin lokacin ya cika. Iyaye kuma a taimaka musu su ga likita.

Mu da muka san zafin a ware mutum don ya bambanta da jama'a, bai kamata wata uwa ta daina zuwa sujada saboda kallon da muke yi wa ɗanta ba.

Edita