Faɗuwar Jirgi da Ajalin Kamfani

Akwai wata magana da ta kusa zama ijma'i a bakin jama'a, tun daga marubutan jaridu har zuwa matafiyan da ke zaman jiran jirgi, cewa duk kamfanin da jirginsa ya faɗi ya hallaka mutane, to ajalinsa ya gabato, domin hasarar jirgin da biyan diyya da gudun fasinjoji za su haɗu su durƙusar da shi. Kuma bisa wannan zato ne da yawa suke kwantar da hankali, suna cewa tsoron hasara kaɗai ya isa ya hana mai kamfani wasa da rayukan bayin Allah. Ni dai a ganina wannan magana ba ta da madogara, kuma sharrinta ya zarce na kuskure kurum, tun da tana sa mu danƙa amanar rayukanmu ga alƙalin da ba ya zaman shari'a.

Babbar hujjar masu wannan ra'ayi ita ce kamfanin Pan Am na Amurka, wanda bam ya tarwatsa jirginsa a samaniyar Lockerbie cikin Disamban 1988, mutum 270 suka rasu, shi kuma ya rufe cikin Disamban 1991. Amma ko ɗalibin da bai yi nisa a Usulu ba ya san cewa gabatar wani abu ba ta mayar da shi sababi, kuma wanda ya bi tarihin kamfanin zai tarar cewa, shekaru kafin wannan musiba, ya riga ya sayar da dogon benensa na New York, ya sayar da otal-otal ɗinsa, sa'an nan a 1985 ya sallama wa kamfanin United hanyoyinsa na tekun Pasifik a kan dala miliyan 750, duk don ya toshe ramin bashi. Ginin da gara ta riga ta cinye, in iska ta kayar da shi, ba a ɗora wa iska laifin duka. Ko bayan Lockerbie ma sai da tsadar mai ta 1990, lokacin da Iraƙi ta mamaye Kuwait, ta zo ta ƙarasa shi.

In da ƙa'idarsu ta inganta, da ba a ƙara jin ɗuriyar kamfanin Japan Airlines ba bayan Agustan 1985, lokacin da mutum 520 suka rasu a jirgi guda, alhali kuwa ya ci gaba da tashi har kusan shekara 25 kafin bashi ya kai shi gaban kotu a 2010, kuma ya sake miƙewa. KLM, wanda jirginsa ya yi karo da wani a Tenerife a 1977 aka rasa rayuka 583, yana nan. Kamfanin jiragen saman Habasha, da ya rasa mutum 157 a Maris na 2019, har gobe shi ne jagaba a Afirka.

Sirrin al'amarin yana ga inshora, wadda mutane ke ambata ba tare da sun yi tahakikin yadda take aiki ba. Kamfani yana biyan lamuni iri biyu, ɗaya a kan jikin jirgin bisa ƙimar da aka yi ittifaƙi a kanta tun farko, ɗaya kuma a kan diyyar fasinjoji da waɗanda ɓaraguzai suka faɗa wa a ƙasa. Kuma masu inshorar su ma suna rarraba nauyin ga wasu, galibi a kasuwar London, ta yadda idan musiba ta auku, kuɗin da za a biya yakan fito daga aljihu ɗari, kaɗan ne ke fita daga baitulmalin wanda jirginsa ya faɗi. Abin da ya fi ɗaga hankali, kuma ban cika jin an faɗa ba, shi ne jirgin da ya kwana biyu yakan kasance ƙimarsa a takardar inshora ta ɗara ƙimarsa a littafin kamfani, har a rubuta rarar a babin riba, kamar yadda ya faru ga American Airlines bayan haɗarin Chicago na 1979. Idan kuma kamfanin na hukuma ne, sai a ɗebo daga dukiyar al'umma a tallafe shi, yadda Malesiya ta yi a 2014 bayan ta rasa jirage biyu cikin wata biyar, inda ukubar ta sauka a kan ma'aikata kimanin 6,000 da aka sallama, waɗanda ba su da hannu a ko ɗaya daga cikin haɗuran.

Na san za a ce wannan hukuncin manya ne, ƙaramin kamfani mai jirage huɗu ko biyar ba ya jure rasa ɗaya, ga kuɗin inshora da zai hau, kuma a kawo misalin Najeriya. To, mu duba Najeriyar. Jirgin ADC ya faɗi a Ejirin a 1996, mutum 144 suka rasu, kamfanin kuma ya ci gaba da ɗaukar fasinja har shekara goma, zuwa ranar 29 ga Oktoban 2006 da wani jirginsa ya faɗi a Abuja da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah Ya gafarta masa. A wannan karon ma, abin da ya tsayar da shi alƙalamin hukuma ne da ya dakatar da lasisinsa, sa'an nan sharaɗin ƙarin jari na 2007, wanda shi da kamfanin Sosoliso, har ma da wasu kamfanonin da ba su taɓa yin babban haɗari ba, suka kasa cikawa. Bellview ya rasa mutum 117 a Lisa a 2005, ya ƙara shekara huɗu yana sayar da tikiti, domin matafiyin da ke da uzuri a Legas, ga hanyar mota yadda take, ba shi da zaɓi mai yawa, kuma ɗan Adam mai mantuwa ne.

Saboda haka nake ganin wajibi ne hukumar kula da sufurin sama ta riƙa bincikar littafin kuɗin kamfani da irin tsananin da take bincikar injinsa, tun jiragen suna lafiya, ganin cewa wanda ya gaza biyan albashi shi ne ya fi kusa da jarrabawar jinkirta gyara. Kamfanin Dana ya rasa dukkan mutum 153 da ke cikin jirginsa a Legas a Yunin 2012, aka mayar masa da lasisi bayan wata uku, ya koma aiki. Abin da ya tsayar da shi a Afrilun 2024 kuwa jirgi ne da ya zame daga titin sauka ba a rasa rai ko ɗaya ba, sai dai a wannan karon ministan sufurin sama ya ba da umarni a binciki har da asusunsa.